Zubar Da Ciki: Ɓoyon Ne Ke Kashe Su

'Yan'uwa mata, yau za mu taɓo maganar da ba a son yi a fili, watau zubar da ciki. Kowa ya san ana yi, kuma ba 'yan makaranta kaɗai ba. Akwai matan aure da yawa, musamman wadda ta yi kwanika, ga jariri a bayanta ga wani cikin, tana jin kunyar kishiya da uwar miji. Wani binciken Cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an zubar da ciki wajen miliyan 1 da dubu 250 a Nijeriya, galibi a ɓoye.

To, a ɓoyen nan me ake yi? Wata ta jiƙa kanwa ko bula ta sha, wata ta haɗiyi tarin ƙwayoyin zazzaɓi. Waɗannan guba ne kurum. Sau da yawa cikin yana nan daram, ƙoda da hanta ne suka lalace. Wata kuma ta je bayan kantin magani, wani wanda bai taɓa karatun likita ba ya zura mata ƙarfe. Ƙarfen nan yakan huda mahaifa, wani lokaci har hanji. Idan ba a wanke shi ba, sai mahaifa ta ruɓe ko ciwon sandarau ya shiga. Wadda ta tsira ma, ƙila hanyar ƙwanta ta toshe, sai bayan shekaru a yi ta yawon neman haihuwa gidan masu magani, ita kaɗai ta san dalili.

Yanzu kuma ƙwayar misoprostol ta yawaita. Magani ne na gaske, an yi masa rajista a ƙasar nan a 2006 domin tsayar da jini bayan haihuwa, amma saye a hannun mai talla wani abu ne dabam. Akwai jabu. Mai sayarwa bai san makonnin cikin ba, bai kuma san ko cikin a wajen mahaifa ya zauna ba. Irin wannan ciki ƙwaya ba ta taɓa shi, girma zai yi ta yi har ya fashe, jini ya taru a cikin mace alhali ba a ganin kome a waje.

Dokar Final Kod ta Arewa, sashe na 232, ta tanadi ɗauri har shekara 14, sai fa in likita ya yi domin ceton ran mace. Malamanmu na Malikiyya su ma sun tsananta tun farkon ciki, amma in ran uwa na cikin haɗari, ita ake fara ceto. Saboda haka mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani asibiti za ta nufa da mijinta. Mai kwanika kuwa ta sani ciki ba ya mayar da nono guba, ta je awo, bayan ta sauka ta nemi shawarar tazarar haihuwa.

Amma babbar maganarmu ga iyaye mata take. In abin ya riga ya faru, ba lokacin duka da zagi ba ne. Yarinya takan kwana uku a ɗaki tana zubar da jini, tana cewa al'ada ce don tsoron uwarta, sai ta galabaita a kwashe ta ranga-ranga. Doka ba ta hana likita ya wanke mahaifa ko ya ƙara jini ga wadda cikinta ya riga ya taɓu ba, ko da kansa ya ɓare ko da hannu.

Ga abin da za a duba: jini yana jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓi da rawar ɗari, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, jiri ko suma. Ko ɗaya aka gani, a nemi mota ko da tsakar dare ne. A tafi da ɗan'uwan da zai iya ba da jini, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da aka sha da ranar da aka sha shi.