Ra'ayinmu: Inshorar Babur, Wa Take Karewa?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, da Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta shiga tilasta wa masu ababen hawa nuna takardar inshora, wannan magana ta zama abin tattaunawa a ɗakunan kwanan ɗalibai da kuma ofisoshin da yayyenmu suke aiki. Mun ga ya wajaba mu ce wani abu a kanta, musamman dangane da samarin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a can ne maganar ta fi kaifi, a can ne kuma aka fi ƙarancin jin ta bakin masu ita.

Ita dai dokar ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Turawa, cikin 1945, aka kafa ta, cewa duk mai abin hawa tilas ne ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya. Bisa ga farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta yanke, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, mai motar gida zai biya Naira 15,000 a shekara, mai keke-napep Naira 5,000, mai babur kuwa Naira 3,000. Idan mai babur ya lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har zuwa Naira miliyan ɗaya. A Ingila da ire-irenta, saurayi ɗan shekara goma sha tara da ya sayi babur na tsere yakan biya ninkin-ba-ninkin abin da dattijo zai biya, saboda kamfanoni suna auna shekarun mahayi da ƙarfin injin. A nan kuwa kuɗin tilas ɗaya ne ga yaro da babba. Wanda ya dubi wannan kaɗai sai ya ce samarinmu sun ci sa'a.

To, amma bari mu dubi abin da Naira 3,000 ɗin take saya. Tana biyan mutumin da ka buge, ko mai motar da ka fasa wa fitila. Kai mai babur, idan ka karye, sai dai a kai ka wurin mai ɗori da kuɗin gidanku. Idan babur ɗin ya ragargaje, asararka ce. Idan aka tare ka tsakanin Sheme da Ƙanƙara aka ƙwace shi, takardar nan ba ta san da kai ba. Ba mu ce wannan inshora ba ta da amfani ba. Haƙƙin wanda aka buge haƙƙi ne babba, kuma mun sha ganin yadda rikicin diyya yake raba gidaje biyu da suka daɗe suna zaman mutunci. Sai dai tsoron da yake hana saurayin Faskari barci wani ne dabam, kuma takardar da aka tilasta masa yanka ba ta taɓa shi ko kaɗan ba.

Sanin kowa ne cewa a waɗannan ƙananan hukumomi babur ba abin ƙawa ba ne. Da shi malamin firamare yake zuwa makarantar ƙauye, da shi malamin asibiti yake kai allurar rigakafi, da shi ake fito da buhun masara daga gona, da shi ake kai mai naƙuda Funtuwa in abu ya gagara. Da yawa daga cikinmu kuɗin rajistarmu daga kabu-kabun wani wa ko ƙane yake fitowa. Abin baƙin ciki, shi ne kuma dokin ɓarayin daji. A kan babura suka zo ranar 11 ga Disamba, 2020, suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Saboda haka babur ya zama abin da ɓarawo yake nema ido rufe, hukuma kuma take kallo da zargi. Cikin 2021, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, an hana hawa babur daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, an hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Caranci, an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Ko me mutum zai ce game da hikimar waɗannan matakai, wanda ya ɗauki nauyinsu shi ne yaron da ya karɓi babur bashi yana biya mako-mako. Aiki ya tsaya, bashi bai tsaya ba.

Abin da irin wannan yaro yake bukata shi ne cikakkiyar inshora, wadda take biyan sata da gobara da lalacewar abin hawan kansa. A nan ne tsadar take. Umarnin nan na NAICOM ya ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa. Idan muka ƙaddara babur a kan Naira miliyan ɗaya, kuɗin ya kama Naira 50,000 ke nan a shekara, a biya gaba ɗaya. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu cikin 2024, Naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci zai ba da fiye da kashi biyu cikin uku na albashin wata guda, bayan tsadar man fetur da ta biyo janye tallafi a watan Mayun 2023. Ɗan kabu-kabu da ba shi da albashi, ba a ma maganarsa.

Ko da ya ciji yatsa ya biya, akwai wani rami a gaba, kuma shi ne ya fi damun mu. Bisa al'adar kamfanonin inshora, takardun yarjejeniya sukan cire asarar da yaƙi ko ta'addanci ko tarzoma suka jawo, sai fa in an ƙara kuɗi an sa su musamman. Cikin Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, Gwamnatin Tarayya kuma ta buga wannan a jaridar hukuma. To, babur ɗin da aka ƙwace a hanyar Sabuwa zuwa Ɗandume, sata aka yi, ko ta'addanci? In sata ce, kamfani zai biya. In ta'addanci ne, kamfani yana da ƙofar zamewa. Kalma guda ce tsakanin mutum da jarinsa, kuma an rubuta ta da Turancin lauyoyi, da ƙananan baƙaƙe, a bayan takardar da ba wanda ya taɓa karanta masa.

Ba abin mamaki ba ne, ashe, da samari suka ɗauki inshora a matsayin wani haraji da ake nuna wa ɗan sanda a shinge. Wannan ne ya buɗe kasuwar 'yan kamasho masu zama a gindin bishiya kusa da ofisoshin lasin, suna sayar da takardun jabu da hatimi mai kyan gani. Mai saye bai damu ba, tun da dai bai taɓa sa ran za a biya shi kome ba. Ranar da ya buge yaron wani, ranar zai gane cewa ya sayi iska.

Akwai kuma waɗanda suke gudun inshora saboda shakkar halaccinta, kuma ba mu raina wannan shakka ba. Sai dai tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau tsarin da mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda, a taimaki wanda asara ta faɗa wa, in an sami rara a raba. Wanda ya san adashi da gayya ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Abin tambaya shi ne, fiye da shekara goma bayan haka, samari nawa ne a Faskari suka taɓa ganin wakilin takaful da idonsu? Kamfanonin inshora sun fi son Legas da Abuja da Kano, inda motoci masu tsada suke.

Kiranmu na farko ga NAICOM ne. Ta fito fili ta faɗa, da Hausa, a gidajen rediyon Katsina da Kaduna, ko babur ɗin da 'yan bindiga suka ƙwace yana cikin abin da cikakkiyar inshora take biya. In ba ya ciki, a daina karɓar kuɗin mutanen bakin daji da sunan kariya daga sata. Gwamnatin Jihar Katsina kuma, wadda ta nuna tana iya taƙaita hawan babur cikin dare ɗaya, muna ganin tana iya zaunar da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da kamfanonin takaful a teburi guda, a kafa asusun da za a riƙa zuba wa kuɗi kaɗan-kaɗan kowane mako tare da kuɗin ƙungiya, ita kuma ta tsaya a bayansa game da asarar da rashin tsaro ya jawo. Kare hanya aikinta ne. Inda ta gaza, bai kamata asarar duka ta sauka a kan yaro ɗan shekara ashirin ba.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, da muka iya karanta ƙananan baƙaƙen nan, akwai abin da ya rage namu. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake bincika lambar abin hawa ta wayar hannu, a ga ko takardar gaskiya ce. Duk wanda zai je gida hutu, ya karɓi takardar wansa ko ƙanensa ya duba masa. In kuwa wani zai yanki cikakkiyar inshora, a raka shi, a sa wakilin kamfani ya rubuta amsar tambayar nan ta sata da ta'addanci, ya sa hannu, kafin a miƙa masa ko sisi.