Kada Ka Jira Hita Ta Ja Ka Kafin Ka Canza Ta

Da batirin wayarka ya kumbura, ba ka kwana sai ka kai ta wurin mai gyara. Amma hitar ruwan wanka, mai jan wat 1,500, sai a bar ta tana aiki har ta ruɓe. A ganina wannan ganganci ne, musamman a Dutse, inda sanyin Disamba da Janairu ke sa kowa neman ruwan zafi, daga ɗaliban Jami'ar Tarayya har magidanta a Takur.

Hitar bango mai tanki takan yi shekara 8 zuwa 12. Idan ruwanta ya fara fitowa ja-ja, tsatsa ta ci tankin daga ciki. Idan jikin tankin ne ke yoyo, ba bakin bututu ba, gyara ya ƙare. Idan kuma ta daɗe ruwa bai yi zafi ba, wataƙila ƙarfen da ke dafa ruwan ya yi dafifi da gishirin ruwan burtsatse. Awa ɗaya tana cin yunit ɗaya da rabi a mitar KEDCO, don haka duk jinkiri kuɗinka ne.

Za ka ce sabuwa da tsada. Gaskiya ne, kuma canza ƙarfen kaɗai yakan wadatar idan tankin lafiya lau yake. Amma ranar da famfo ya ɗan ja hannunka, kashe ta nan take, ka kira mai gyaran wuta. Hitar bokiti da aka naɗe wayarta da salatif kuwa, jefar da ita yau. Jiƙaƙƙen jiki ba ya wasa da lantarki.