Filin Tarihi: Takardar da Ta Raba Amurka da Birtaniya

A wannan makon za mu leƙa birnin Filadelfiya na shekarar 1776, inda wakilan yankuna 13 da Birtaniya ke mulka a Amurka suka ce tura ta kai bango.

Haraji ne mafarin rigimar. Majalisar dokokin Birtaniya ta riƙa ɗora wa mazauna yankunan haraji, alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. A watan Afrilun 1775 aka fara musayar wuta, amma duk da haka mutane da yawa na fatan sasantawa da Sarki George na Uku.

Ranar 7 ga Yunin 1776, Richard Henry Lee na Birjiniya ya gabatar wa taron wakilan ƙudurin ɓallewa. Sai aka naɗa kwamitin mutum biyar domin shirya takardar bayani, Thomas Jefferson mai shekara 33 ya tsara daftarinta. Mu lura da kwanakin nan, domin sukan rikita ɗalibai: ranar 2 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa, ranar 4 ga Yuli aka amince da takardar, yawancin wakilan kuma sai ranar 2 ga Agusta suka sa hannu. Mutum 56 ne suka sa hannu, kuma sun san cewa a dokar Birtaniya wannan cin amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa.

Takardar ta ce an halicci mutane daidai, kuma gwamnati na samun ikonta ne daga yardar jama'a. Sannan ta jero laifuffukan sarki. Sai dai rubutu kaɗai bai kawo 'yanci ba. An ci gaba da gwabzawa, Faransa ta shigo da taimako a 1778, Birtaniya ba ta amince ba sai a yarjejeniyar Paris ta 1783.

Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. Jefferson kansa yana da bayi, kuma wakilan sun goge sashen da ya soki cinikin bayi daga daftarin. Dubban ɗaruruwan 'yan asalin Afirka, da yawansu daga Afirka ta Yamma, sun ci gaba da zama cikin bauta, ba a haramta ta a duk ƙasar ba sai 1865.

Tambayarmu ta mako: su waye "mutane" a idon waɗanda suka sa hannu? Ku tattauna da malamanku na tarihi, ku aiko mana da amsa.