Salansar manyan babura: Gwaji na yini ɗaya, ƙara ta shekara guda

Takardar shaidar lafiyar abin hawa halin babur a ranar gwaji kaɗai take nunawa. Wanda ya sauya salansar kamfani da mai ƙara yana iya mayar da matoshinta kafin ya je wurin jami'an VIO, ya cire da zarar ya karɓi takarda. Ƙa'idojin NESREA na 2009 sun iyakance hayaniya, amma sai da bincike a kan titi za su yi tasiri. A nan gizo ke saƙar: a Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana VIO tsayar da ababen hawa ko cin tara. Muddin ba a fayyace hukumar da za ta auna ƙara a hanya ba, barcin mazauna Wuse da Gwarimpa zai ci gaba da salwanta.