Ginin Ƙofar Mata ba shi ne abokin gābanmu ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai maganar da ke yawo a ikilisiyoyinmu wadda ba za mu yi shiru a kanta ba. Wai matashin da ya shiga rufaffen ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya ƙazantu, har wasu dattawa na cewa a sa shi a horo. Hujjarsu ita ce wurin ba shi da alƙibla: yau Kano Pillars na ƙwallon kwando, gobe 'yan siyasa da 'yan jagaliyarsu, jibi maroƙa da kiɗa.

Gaskiya ne, ana yin duk waɗannan. A harabar filin nan kuma aka kafa cibiyar killace masu korona a 2020. Shin gadajen majinyatan ma ƙazamai ne?

Mu tuna su wane ne yaran da muke shirin hukuntawa. 'Ya'yanmu ne na Sabon Birni da Isa, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gona da makaranta. Ba su manta fasinjojin da aka ƙone cikin mota a Disamba 2021 ba, ko yadda Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun masu garkuwa a 2024. Yaro ya tsere daga wannan, ya isa Kano ba dangi, ya sami abokan ƙwallo maimakon masu sayar da ƙwaya, sai kuma mu hana shi jibin Ubangiji?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 19. Da aka ƙi Bulus a majami'ar Afisa, makarantar Tiranus ya koma, shekara 2 yana koyarwa a can. Ba a ce ya tsaya binciken wanda ya yi taro kafinsa ba.

Ba mu ce kowane taro na Kirista ne ba. Gangamin da ake raba wa matasa kuɗi su ɗauki gora, ku guje shi, a ɗakin taro ne ko a gindin bishiya. A nan dattawa suna da hujja, muna tare da su.

Amma kafin a kira wani yaro gaban dattawan ikilisiya, muna so a gaya mana wa ya taɓa kiransa a waya tun da ya bar gida, wa kuma ya haɗa shi da wani fasto a Sabon Gari.