Iyakar Ɗaukar Ɗalibai: Shin Ya Dace Makarantun Gwamnati da Masu Zaman Kansu Su Bi Iyaka Ɗaya?

Gabatarwa

A duk farkon shekarar karatu, magidanci a ƙauye irin Ruwan Gizo, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, yakan fuskanci tambaya guda: ina za a kai yaro? Talaka yakan kai nasa firamaren gwamnati mafi kusa. Mai hali kuwa yakan tura nasa makarantar kuɗi a Talata Mafara ko Gusau. Wannan ne ya sa wasu suke ganin ya kamata a shata wa kowace makaranta, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, yankin da za ta ɗauki ɗalibai daga cikinsa, kada ta tsallaka. Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɓangarorin biyu, sannan ta nuna cewa abin da ya dace a haɗa shi ne taswira da rajistar yara, ba a ɗaure iyaye da iyaka ɗaya ba.

Ma'anar Iyakar Ɗaukar Ɗalibai

Iyakar ɗaukar ɗalibai ita ce yankin da hukuma ta keɓe wa makaranta, inda yaran da ke zaune a cikinsa suke da fifiko wajen samun gurbi. Ba baƙon tsari ba ne a Nijeriya, domin jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 cikin 100 na gurabensu bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankinsu, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. A matakin firamare, makarantar gwamnati takan ɗauki yaran garin da take da na ƙauyukan kewaye, alhali mai zaman kanta ba ta da wata iyaka sai aljihun uba.

Hujjojin Masu Goyon Baya

Masu wannan ra'ayi suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce, idan 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu riƙe da muƙamai suka fice daga makarantar gwamnati, to ta rasa masu tsaya mata. Rufin aji zai yaye, alli ya ƙare, malami ya yi fashi, ba mai muryar da za ta kai ofishin sakataren ilimi. Ta biyu, zaman ɗan attajiri da ɗan manomi a benci ɗaya yana gina zumuncin da ke ɗorewa har girma, kamar yadda aka gani ga waɗanda suka shiga makaranta ƙarƙashin shirin UPE na 1976. Ta uku, iyaka ɗaya tana sauƙaƙa wa hukuma sanin yawan azuzuwa da malaman da kowane yanki yake buƙata.

Raunin Wannan Ra'ayi

Duk da ƙarfin waɗannan hujjoji, tilasta iyaka ɗaya ba zai haifar da abin da ake fata ba, saboda dalilai huɗu.

Na farko, iyaka ba ta biyan kuɗin makaranta. Ko da an ce makarantar kuɗi da ke wata unguwa a Talata Mafara ta ɗauki yaran unguwar kaɗai, ɗan talakan da ke maƙwabtaka da ita ba zai shiga ba, domin abin da ya hana shi tun farko kuɗi ne, ba nisa ba. Mai hali kuwa sai ya rubuta sunan ɗansa a gidan ɗan'uwansa da ke cikin yankin. A ƙarshe mai gaskiya ne kawai dokar za ta kama.

Na biyu, makarantun kuɗi sun fi taruwa a manyan garuruwa, inda masu iya biya suke. Idan aka ja musu layi, yaron ƙauye ne zai rasa zaɓi, na birni kuma ya ci gaba da morewa.

Na uku, akwai batun doka. Bayan da gwamnatin Lateef Jakande ta yi yunƙurin soke makarantun firamare masu zaman kansu a Jihar Legas, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Akbishop Okogie cewa tsarin mulki ya ba 'yan ƙasa damar kafa makarantu. Gwamnati tana da ikon sa ido da gindaya sharuɗɗa, amma dokar da za ta hana uba zaɓar inda ɗansa zai yi karatu tana iya gamuwa da irin wannan ƙalubale.

Na huɗu, wanda ya fi shafar wannan yanki, shi ne tsaro. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga sun sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga kwalejin aikin gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba kuma suka tafi da ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a Ƙaramar Hukumar Maradun, abin da ya sa gwamnatin jihar ta rufe makarantu. Iyalai da dama sun bar ƙauyukansu sun koma cikin garuruwa. Idan aka ce kowane yaro sai makarantar yankinsu, ina makomar wanda yankin nasu ya tashi? Haka nan 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukumar ilimi ta musamman tun 1989, rayuwarsu ba ta san layin da ya raba Bakura da Maradun ba.

Mafita: Taswira Ɗaya, Rajista Ɗaya

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar iyaka a matsayin shingen da ke tsare iyaye. Kamata ya yi a ɗauke ta a matsayin alkawarin da ke kan gwamnati. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, ta kuma wajabta wa iyaye tura shi. Saboda haka, ma'anar yanki ita ce: duk yaron da ya kwana a cikinsa, ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira, yana da kujera a makarantar gwamnati da ke wurin, kuma babu hedimastan da zai mayar da shi.

Amma wannan ba ya nufin a saki makarantu masu zaman kansu sakaka. Suna cin moriyar hanya da ruwa da tsaron garin da suke, malamansu ma galibi kwalejojin gwamnati, irin ta Maru, suka horar da su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Don haka ana iya ɗora musu abubuwa biyu. Na farko, kowace zango su miƙa sunayen ɗalibansu ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a haɗa da na makarantun gwamnati da ƙidayar da masu unguwanni suka yi, domin a gane yaron da ba ya ko'ina. Na biyu, su ware wani kaso na gurabensu ga marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi na yankin da suke.

Ƙasar Indiya ta gwada irin wannan. Dokarta ta haƙƙin ilimi ta 2009 ta umarci makarantu masu zaman kansu su ware kashi 25 cikin 100 na guraben ajin farko ga yaran marasa galihu da ke maƙwabtaka da su, gwamnati ta biya kuɗin. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 2012. Darasin da ke ciki shi ne, inda gwamnati ta yi jinkirin biya, makarantu sun yi ta ja da baya. Ashe ke nan, a Zamfara ya fi kyau a fara da ɗan ƙaramin kaso, a kuma tanadi kuɗinsa tun kafin a yi shela, ko daga kasafin ilimi ko da tallafin Hukumar Zakka da Waƙafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iyaye ba su bar makarantar gwamnati don ƙin maƙwabtansu ba, sai don sun ga aji ya cika ya batse, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Zamfara ta ayyana a 2023 amincewa ce da cewa bangon ya tsage, kuma gyaransa ne zai dawo da iyaye, ba jan layi a takarda ba. A nan ne aikin malami mai jiran gado yake. Idan aka tura shi Ruwan Gizo ko wani ƙauye makamancinsa, rajista tana hannunsa. Shi ne zai san yawan yaran da ke garin, ya san wanda ya daina zuwa da dalilinsa, ya kuma rubuta sunan baƙon yaron da aka kawo masa ba tare da tambayar daga wace ƙaramar hukuma ya fito ba.