Kafin ka ci bashi ka sayi sabon kart grafik, auna tukuna

Yau maganata da matasanmu ce masu zana plan ɗin gida da 3D, daga Maraɗi har Damagaram, Tawa da Yamai.

Satin da ya wuce wani ƙanena ya kira ni hankali tashe. Alhaji na jiran hoton gidan benen da zai gina, ordinater kuma ta ƙi fiddo hoton. Duk sa'ad da ya danna a Blender sai ta rubuto mashi cewa memuwar kart grafik ta cika. Har ya fara neman mai ba shi bashi, ya aika Kano a sayo sabo. Na ce mashi dakata, mu duba tukuna.

Kart grafik yana da tashi memuwar, dabam da RAM ɗin ordinater, shi ya sa ƙara RAM ba ya faɗaɗa ta. Kamar turmi take: komai cikar rumbunka, abin da turmi ya ɗauka shi ake dakawa. Kart ɗin ƙanena jiga 6 ne. Muka danna Ctrl+Shift+Esc, muka shiga Performance, muka zaɓi GPU, muka sake tada aikin muna kallo. Nan take memuwar ta cika maƙil.

Me ya cinye ta? Hotunan karo, katako da fenti da ya sauko da su daga intanet. Hoton JPEG ƙarami ne a ajiye, amma kart sai ya warware shi gaba ɗaya. Mai faɗin 8192 da tsawon 8192 yana cin wajen mega 256, ga su har ashirin, jiga 5 ke nan. Da muka maida su 2048 ta hanyar Simplify, kowane ya koma mega 16. Wallahi a wayar Alhaji ba ka gane bambanci.

Sai itatuwa. Ya kwafi itacen dabino sau talatin da Shift+D, kart na ɗaukar kowane a matsayin sabo. Da Alt+D guda ɗaya zai riƙe, ya yi ta maimaita shi. Haka Subdivision, kowane mataki yana ninka fuskokin abu sau huɗu. Ga kujeru da gadaje cikin ɗakuna, alhali hoton waje ake so. Muka fidda su, muka rufe Chrome. Kafin la'asar hoto ya fito, ko dala bai kashe ba.

Wani zai ce ai wani aikin dole sai babban kart. Gaskiya ne, mai zana unguwa guda ko kasuwa jiga 4 ba za ta ishe shi ba. To in za ka saya, dubi memuwar, kar lamba ta ruɗe ka: akwai RTX 3060 mai jiga 12, ga RTX 4060 da ya fi shi sabunta jiga 8 gare shi. Kuma ka bambanta ciwo. In mashin ɗin mutuwa yake yi gaba ɗaya cikin zafin watan Afrilu, fara duba ƙura da fanka, wannan ba maganar memuwa ba ce.

Abin da ke damuna, yaranmu sun iya danna maɓalli amma ba a koya masu karanta abin da mashin ke faɗi ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Masu koyar da zane, don Allah ku sa wannan cikin darasi tun satin farko, kar yaro ya fara sana'a da bashi a wuya.

Wanda ya taɓa haɗuwa da wannan matsala ya gaya mana yadda ya yi. Allah shi sa albarka a nema.